FILIN ILMIN ZAMANI: Dutsen Afofis Zai Gifta Ta Saman Nijeriya

Ran Jumma'a 13 ga watan Afrilu na 2029, in Allah ya kai rai, bayan an fito daga sallar lisha, wani ɗan haske mai kama da tauraro zai bayyana a samaniyar ƙasar nan yana tafiya a hankali, daga gabas maso kudu ya nufi yamma maso arewa. Wanda ya tsaya a bakin tafkin Jabi a Abuja, ko a bayan gari a Kano, ko Katsina, ko Maraɗi, idan gari ya yi garau babu hadari, zai iya ganinsa da ƙwayar idonsa ba sai da tabarau ba. Wannan haske kuwa wani ƙaton dutse ne da ke kewaya rana kamar yadda duniya ke kewaya ta, sunansa Afofis. A daren nan zai matso har ya zama tsakaninsa da doron ƙasa bai wuce kimanin kilomita 32,000 ba.

Mai karatu zai ce ai kilomita 32,000 tafiya ce mai nisa. Gaskiya ne a wajen matafiyi, gama daidai take da a yi tafiyar Kano zuwa Ikko sau talatin da 'yan kai. Amma a lissafin sararin samaniya wannan gogar kafaɗa ce. Wata da ake gani kullum yana can kimanin kilomita 384,000, watau ninki goma sha biyu na wannan tazara. Taurarin ɗan'adam masu kawo talabijin da tarho, irin NigComSat-1R wanda Nijeriya ta harba cikin Disamba 2011, ana ajiye su ne a tsawon kilomita 35,786 daga ƙasa. Afofis ta ƙarƙashin wannan tsawo zai bi. Tun da aka fara lissafin irin waɗannan duwatsu ba a taɓa samun mai girmansa da aka san ranar wucewarsa kusa haka tun da sauran shekaru ba.

Abin da ya kamata a faɗa tun da fari, domin hankalin jama'a ya kwanta, shi ne masana sun tabbatar ba zai faɗo ba, ko a 2029, ko cikin shekara ɗari masu zuwa. Yadda suka kai ga wannan tabbaci shi ne abin da ya cancanci a tsaya a kansa.

Tsakanin duniyar Mas da ta Jufita, waɗanda malaman falaki na Larabawa ke kira Mirrihi da Mushtari, akwai wani fage mai faɗi cike da duwatsu iri iri, ragowar kayan da aka gina duniyoyin da su. Mafi girmansu, Siris, wanda aka gano a 1801, faɗinsa ya kai kilomita 940. Mafi yawansu kuwa ba su wuce girman gida ko na unguwa ba. Jufita, saboda girmanta, tana da ƙarfin ja ƙwarai, kuma lokaci lokaci takan ture wasu daga mazauninsu su gangaro wajen rana, har hanyarsu ta kusanci ta duniya. Duk wanda ya matso rana da ƙasa da kilomita miliyan 195 ana sa shi cikin jerin maƙwabtan duniya. Na farko da aka gano cikinsu shi ne Eros, a 1898, kuma ya zuwa 2024 waɗanda aka rubuta sun haura 35,000. Idan faɗin dutse ya kai mita 140, kuma hanyarsa ta zo cikin kilomita miliyan bakwai da rabi daga hanyar duniya, sai a sa masa ido musamman. Afofis yana cikin waɗannan.

Ran 19 ga Yuni 2004 wasu masana uku, Roy Tucker da David Tholen da Fabrizio Bernardi, suka hango shi daga ɗakin duban taurari na Kitt Peak a Jihar Arizona ta Amurka. Dare biyu kaɗai suka samu suna binsa, sai ya ɓace musu. Bayan wata shida, ran 18 ga Disamba, aka sake ganinsa daga Ostireliya. Da aka haɗa ganin farko da na biyu aka zana hanyarsa, sai lissafi ya nuna mai yiwuwa ne ya ci karo da duniya a 2029. Kullum aka ƙara awo sai hatsarin ya ƙaru, har ran 27 ga Disamba ya kai kashi 2.7 cikin ɗari, watau ɗaya cikin talatin da bakwai. A ma'aunin Torino, wanda ake auna hatsarin irin waɗannan duwatsu da shi daga sifiri zuwa goma, aka ɗora shi a mataki na huɗu, inda ba a taɓa ɗora wani ba. Duniya ba ta kula sosai ba, domin a makon ne igiyar ruwan teku ta hallaka dubban ɗaruruwan mutane a Indunusiya da maƙwabtanta. A ranar kuma aka tono wasu tsofaffin hotuna da aka ɗauka cikin Maris 2004, aka iske dutsen a ciki ba wanda ya lura da shi. Da aka sa wannan a lissafi, sai hatsarin 2029 ya faɗi warwas.

Hawa da saukar irin wannan lissafi yakan ruɗa mutane, har wasu su ce Turawa ba su san abin da suke yi ba, ko kuwa suna ɓoye wani abu. Ga yadda abin yake. A ce akuya ta ɓata, an kuwa tabbata tana cikin wata unguwa mai gida ɗari, gidan liman yana cikinsu. A wannan lokaci zaton tana gidan liman ɗaya ne cikin ɗari. Aka bi sawu, aka gane ba ta bi ta yamma ba, saura gida talatin da bakwai, har yanzu da na liman a ciki. Zato ya ƙaru, alhali akuya ba ta motsa daga inda take ba. Aka ƙara bin sawu, sai ga shi ya shiga wani lungu mai gida biyar, babu na liman a ciki. Nan take zato ya koma babu. To, haka lissafin duwatsun nan yake. Hanyar dutse ɗaya ce tun farko, sanin mutane ne yake ƙaruwa, kuma kafin duniya ta fita daga cikin da'irar shakka dole ne rabonta a ciki ya yi ta girma.

Cikin 2005 aka ba shi lamba 99942, aka raɗa masa suna Afofis, sunan da Yunanawa ke kiran wani macijin duhu na tatsuniyoyin mutanen Masar na dauri. Suna ne kawai, kuma da an san irin tsoron da zai jawo wa talakawa da wataƙila an zaɓi mai daɗin ji.

Hanyar Afofis ba da'ira ce cikakkiya ba, ta yi ɗan tsawo kamar ƙwai. Idan ya matso rana iyakar matsowa yakan zo kimanin kilomita miliyan 112 daga gare ta, kusa da hanyar Zara ke nan. Idan ya yi nisa iyakar nisa yakan kai kilomita miliyan 164. Duniya kuwa tana kewayawa a kan kilomita miliyan 150. Saboda haka mafi yawan lokacinsa yana cikin zoben duniya, ta wajen rana, inda hasken rana ke hana a gan shi, sa'an nan ya ƙetare hanyarta ya fita waje, ya sake ƙetarowa ya dawo. Hanyar tasa ta karkata daga ta duniya da digiri uku da 'yan kai kawai, don haka kusan a faifai ɗaya suke gudu.

Shekararsa kwana 324 ce, ta gaza shekarar Musulunci da kimanin wata guda, ta gaza ta rana da kwana 41. Kowace shekara sai ya tsere wa duniya da kwana 41 ɗin nan, bayan kusan shekara takwas ya zagayo ya cim mata ta baya, kamar mai keke da ya riski mai tafiya a ƙasa a filin sukuwa. Shi ya sa lokatan kusantowarsa suka jeru haka: ƙarshen 2004, da Janairu 2013, da Maris 2021, sai kuma Afrilu 2029. Wurin da hanyoyin biyu suka fi kusantar juna duniya takan iso shi ne wajen 13 ga Afrilu kowace shekara. Yawancin shekaru ta iso ta tarar dutsen yana can wani ɓangare. A 2029 kusan tare za su iso mararrabar.

Bayan an kawar da tsoron 2029 sai da aka ƙara shekara goma sha shida ana ƙwanƙwasa lissafi. Dalili kuwa, lokacin da zai gifta, ƙarfin jan duniya zai lanƙwasa hanyarsa, kuma yawan lanƙwasar ya dogara ga ainihin inda ya bi. Akwai wasu 'yan gurabe a sarari, wani faɗinsa bai kai kilomita guda ba, waɗanda da zai bi ta cikinsu da lanƙwasar ta dawo da shi daidai kan duniya a 2036 ko 2068. Awon da aka yi a 2013 ya kawar da 2036. Na 2068 ya fi wuya, saboda wani abu mai ban mamaki: hasken rana kansa yana ture dutsen. Gefen da ya sha rana yakan yi zafi, idan ya juya sai ya fitar da zafin nan, fitar zafin kuma tana ɗan tunkuɗa shi kamar numfashi. Tunkuɗar ba ta taka kara ta karya ba a yini ɗaya, amma a 2020 Tholen da abokan aikinsa suka auna ta suka ga tana rage faɗin hanyarsa da kimanin mita 170 kowace shekara. Cikin shekara hamsin wannan ya isa ya sauya lissafi. Sai cikin Maris 2021, da ya wuce a tazarar kilomita miliyan 17, aka harba masa igiyar rediyo daga tashar Goldstone a Kalifoniya, aka saurari amsa-kuwwarta, aka san matsayinsa ƙwarai da gaske. Daga nan hukumar NASA ta Amurka ta cire sunansa daga jerin masu hatsari.

Game da siffarsa, har yanzu ba wanda ya gan shi kusa da kusa, ko a cikin manyan na'urorin hangen nesa ɗigo ne kawai. Abin da aka sani daga amsa-kuwwar rediyo da yanayin haskensa aka samo shi. Matsakaicin faɗinsa kimanin mita 340 ne, filin ƙwallo uku da ɗoriya in an jera su, amma ta wajen tsawonsa ya kai mita 450. Dogo ne, kuma alamu sun nuna yana da ƙulli biyu kamar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Nauyinsa ya haura tan miliyan ashirin. Dutse ne mai gauraye da ɗan ƙarfe, dangin duwatsun da aka fi tsinta idan sun faɗo ƙasa. Juyawarsa ma ba irin ta duniya ba ce mai tsayayyen ginshiƙi. Yana juyi yana tangaɗi, kamar katantanwar da ƙarfinta ya fara ƙarewa, haskensa yana hawa yana sauka cikin kimanin awa talatin.

A wannan haɗuwa ta 2029 duniya ba za ta ji komai ba. Ba girgizar ƙasa, ba ambaliya, ba sauyin damina, gama dutsen ya yi ƙanƙanta ƙwarai da ya ja wani abu. Shi ne zai ji jiki. Shekararsa za ta tashi daga kwana 324 ta koma kimanin shekara guda da wata biyu, mafi yawan hanyarsa ta koma bayan zoben duniya. Ana kuma zaton juyinsa zai sauya, har tsakuwa ta zame a jikinsa. Ganin haka ne ya sa, bayan kumbon OSIRIS-REx ya kawo ɗan samfurin ƙasa gram 121 daga dutsen Bennu cikin Satumba 2023, aka sauya masa suna aka juya akalarsa wajen Afofis. Hukumar sararin samaniya ta Turai ita ma ta tsara nata kumbon, Ramses, domin ya riske shi kafin ya iso ya rako shi.

Kada a ɗauka cewa faɗowar dutse daga sama labarin ƙasashen Turawa ne. Ƙasar Hausa da maƙwabtanta suna da nasu rabo, kuma mai daraja. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Dutsen Zagami, wajen Faskari a lardin Katsina, 'yan taku kaɗan daga inda wani manomi yake tsaye. Daga baya bincike ya nuna ɓallin duniyar Mas ne, wanda wani karo ya fizge shi ya jefa sarari, ya yi kimanin shekara miliyan uku yana kewaya rana kafin ya sauka a gonar Bakatsine. An ajiye shi a ofishin binciken ma'adinai na Kaduna, amma yau yankakkensa sun watsu a jami'o'i da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje, har NASA ta liƙa ɗan ƙwayarsa a jikin wani kumbo da ta aika Mas a 1996. Yaro nawa ne a makarantun Katsina ya taɓa jin wannan labari? Ran 25 ga Afrilu 1971 wasu suka faɗo a Kabo cikin Jihar Kano. Cikin Agusta 1974 wani ya faɗo a Mayo Belwa. Ran 3 ga Afrilu 1984, da almuru, wani mai kimanin kilo ɗari ya faɗo a gona kusa da ƙauyen Bogga Dingare a ƙasar Gujba, cikin Jihar Yobe ta yanzu. Irinsa kaɗan ne a duniya duka, amma kafin masana su iso an farfasa shi an rarraba. Ba a ga laifin mutanen ƙauye ba, domin ba wanda ya taɓa gaya musu darajarsa tana cikin barinsa yadda ya faɗo.

Waɗannan ƙanana ne, iska ta ci mafi yawan jikinsu kafin su iso. Manya kuwa sukan bar tabo. Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi, wanda fataken goro suka daɗe da sanin ƙasarsa, rami ne mai faɗin kilomita goma da rabi da wani dutse ya haƙa kimanin shekara miliyan guda da ta wuce. Ran 15 ga Fabrairu 2013 wani wanda bai wuce mita ashirin ba ya fashe a saman birnin Celyabinsk na Rasha, ya raunata mutum kimanin 1,500, yawancinsu gilashin taga ne ya yanke su lokacin da suka leƙo kallon hasken. Ba wanda ya hango zuwansa, domin ta wajen rana ya fito. Idan mita ashirin ya yi wannan, ba sai an faɗi abin da mita 340 zai yi wa lardi guda ba.

Abin da ya sauya a zamanin nan shi ne an fara ganinsu tun suna hanya. Ran 6 ga Oktoba 2008 aka hango wani mai mita huɗu, aka ce gobe da asuba zai shigo ta saman arewacin Sudan, haka kuwa aka yi. Dokta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartum da ɗalibansa, tare da wani masani daga Amurka, suka jeru sahu sahu a hamadar Nuba suka tsinto gutsattsarinsa ɗaruruwa kusa da tashar jirgin ƙasa ta shida. Ran 26 ga Satumba 2022 kuma Amurka ta kara wa wani dutse mai suna Dimorfos kumbo da gangan, don a gani ko ɗan'adam zai iya kautar da irinsu, sai ga lokacin kewayensa ya ragu da fiye da rabin awa. Cikin Fabrairu 2025 wani mai kimanin mita sittin, 2024 YR4, ya kai kashi 3.1 cikin ɗari, ya zarce Afofis, kuma layin wuraren da aka ce zai iya faɗawa a 2032 ya ratsa ta Afirka ta Yamma. Cikin mako guda lissafin ya bi sawun akuyar nan ya sauka. Amma a 'yan kwanakin an ga irin labaran da suka yi ta yawo a wayoyin mutane, da hotunan ƙarya na birane suna cin wuta.

Hatsarin da ke gaban ƙasar nan a 2029 ke nan, jita-jita. Bisa lissafi daren zai faɗo a ƙarshen Zulƙida, kwana goma da 'yan kai kafin Babbar Salla, ga shi daren Jumma'a ya wuce an shiga na Asabar, ga dutse da sunan maciji. Masu neman abin duniya da tsoron mutane ba za su rasa abin faɗi ba. An ga abin da rashin bayani ya haifar a Maiduguri cikin Janairu 2001, lokacin da husufin wata ya zama sanadin tarzoma da ƙone-ƙone. An kuma ga amfanin bayani ran 29 ga Maris 2006, da rana ta yi cikakken husufi a kan Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram: an riga an yi ta shela a rediyo, malamai sun yi wa jama'a bayani, aka yi salla aka yi kallo aka watse lafiya. Lissafin tafiyar Afofis irin lissafin husufi ne da na tsayuwar wata, awo ne da ƙidaya, ba shi da haɗi da duba ko bugun ƙasa, kuma malaman ƙasar nan da suka karanta falaki a zaure sun fi kowa cancantar su faɗi haka a kan mumbari.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta keɓe shekarar 2029 domin wayar da kan jama'a a kan waɗannan duwatsu. Nijeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, hedkwatarta tana Lugbe a kan hanyar filin jirgin saman Abuja, tana kuma da cibiyar nazarin taurari a Nsukka. Ya kamata tun yanzu ta shirya bayani da Hausa da Fulatanci da Barbarci da sauran harsuna, ta kai wa gidajen rediyo da sarakuna da makarantu, kada a bari sai ana saura mako guda a fitar da takarda da Turanci. Ya kamata kuma a sanar da dagatai da masu unguwanni inda za a kai rahoto idan dutse ya faɗo, da tabbacin cewa mai gona ba zai tashi a tutar babu ba, gama in ba haka ba ɗan kasuwa ne zai riga gwamnati isa.

Wanda ke son kallo kuwa, ga abin da zai sa rai da shi. An yi dace daren babu farin wata ko kaɗan. Hasken dutsen ba zai kai na Zara ba, zai yi kamar mafi haske cikin taurarin Kaza da 'Ya'yanta, don haka fitilun Jabi da Wuse za su iya dushe shi, gara mutum ya fita bayan gari. Tsakiyar Afrilu kuma damina ta fara leƙo Abuja, mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram sun fi sa ran samun sama a buɗe. Zai fi haske wajen ƙarfe tara da rabi na dare agogon Nijeriya. Ba shi da wutsiya, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi. Abin da zai bambanta shi da sauran taurari tafiyarsa ce, domin a lokacin da ya fi sauri zai ƙetare faɗin cikakken wata cikin minti guda, yana gudun fiye da kilomita bakwai a daƙiƙa, watau Abuja zuwa Kaduna cikin ƙasa da rabin minti. Da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata zai kai iyakar kusantowarsa, a lokacin yana saman tekun Atlantika, daga nan haskensa ya yi ta raguwa yana gangarawa yamma maso arewa har ya ɓace.